Tumatir a Cikin Jarka: Jawabin Shugabar Mata ga Matan Anka, Gummi da Bukkuyum



Iyayena mata, yayyena da ƙannena, shugabannin mata na mazaɓu, sannunku da zuwa. Na Anka da na Bukkuyum da kunka yi sammako kunka biyo hanya har nan Gummi, Allah Ya mai da ku gida lafiya. Waɗanda hanya ta hana zuwa, za a rubuta wannan magana a tura a zaurenmu na WhatsApp. Don Allah wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Na ga wasu suna ta kallon wannan yankakkiyar jarka da na ɗora kan tebur suna dariya. Ita ce maganarmu ta yau. Jarkar man girki ce mai lita 25, an yanke samanta, an huda gindinta. A cikin irinta nake noman tumatir a tsakar gidana shekara uku ke nan, kuma shi nake son kowace ta koma gida ta gwada.

Ku tuna Babbar Sallah ta 2024. Ga nama Allah Ya hore, amma tumatirin da za a yi miya ya gagari mutane. Mace ta aiki yaro kasuwa da kuɗɗin da a da ke cika leda, ya dawo da ƙwaya huɗu biyar, wasu ma sun fara ruɓewa. Gidaje nawa sunka koma tumatirin leda da kauɗa? Kafin nan, a 2016, tsutsar nan da manoman Kano ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kadawa da Kura, har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Mu kuma nan muna da namu ƙarin. Fadamun da mazajenmu ke noman rani, da yawa ba su shiguwa saboda halin da ake ciki. Ambaliyar da ta ci Gummi a watan Agustan 2024 kuma kun gani da idonku. Duk abin da ya faru a daji ko a kasuwa, a kan macen da ke gaban murhu yake ƙarewa, ita yara ke kallo.

Kada wata ta tashi daga nan ta ce shugaba ta ce za mu yi arziki da tumatirin jarka. Jarka goma ba ta zama gona. Abin da na gani a gidana, gindi goma idan sunka kama, na kan yi wata biyu ban sayi tumatir ba sai ranar da anka yi baƙi. Kuɗɗin sai su tafi ga attarugu da albasa. Wadda ke riƙe da marayu ta san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To, wane iri za a shuka? Nan mutane da yawa ke fara kuskure. Tumatir kashi biyu ne wajen girma. Akwai mai ci gaba da tsawo yana yaɗo, ya wuce mutum tsaye in ya samu abin kamawa. Wannan ba na jarka ba ne, saiwarsa na son fili. Akwai kuma gajere, wanda in ya kai iyakarsa sai ya tsaya, ya cika da fure, ya zubo 'ya'ya kusan lokaci guda. Shi muke nema. Abin daɗi, irin da manomanmu sunka saba da shi gajeren ne: wanda ake kira UTC, a jikin leda za ku ga an rubuta UC82B, da kuma Roma VF. Duka biyun ba su cika wuce ƙugun mutum ba, kuma ana samun su wajen masu sai da iri a Gusau da Talata Mafara da Sakkwato.

Turawa ma sun ƙara gajarta shi. Suna da wani Tiny Tim da anka fitar a Amurka tun 1945, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Akwai Micro-Tom da jami'ar Florida ta fitar a 1989, shi kam taƙi guda ne, ana shuka shi a abin da bai fi kwanon sha ba. Yarona ya nuna mini a waya, har tashar 'yan sama jannati an kai wani gajere mai suna Red Robin an shuka. Wai ɗaya daga cikinsu ya ɓatar da tumatirin da anka tsinka, anka yi watanni ana zargin shi ya cinye, sai daga baya anka tsinci abin a lungu. Na ce ashe rigimar wa ya taɓa tumatir har sama ta kai. Amma ni dai ba na ba ku shawarar ku wahalar da kanku neman waɗannan. 'Ya'yansu ƙanana ne kamar tsada, sai kin tara tafi guda kafin ki haɗa miyar mutum biyu. Wadda ke da ɗan'uwa a waje ya kawo mata, ta shuka don sha'awa. Don tukunya, Roma da UTC.

Kafin ki ɓata wahalarki, gwada irin. Ni an taɓa sayar mini da wanda ya kwana biyu a rana, na yi sati biyu ina ban ruwa ga ƙasa tsura. Ɗauki ƙwaya goma ki naɗe a tsumma mai laima, ki aje a inuwa, kada ki bari ya bushe. Bayan kwana bakwai ki buɗe. In bakwai ko takwas sun tsiro, iri ne. In biyu ne, ki mayar wa mai shi.

Yanzu ku ba ni hankalinku, musamman matan Anka da Bukkuyum, don abin da zan faɗa ya fi duk sauran nauyi. Maganar ƙasar da za a zuba cikin jarkar ce.

Mace a Kano ko Zariya tana iya ɗibar ƙasa a bayan gida ta zuba, ba ruwanta. Mu ba haka muke ba. Babu wadda ke zaune nan da ta manta 2010, shekarar da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukanmu. Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza da Bagega a ƙasar Anka, Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. A cikin gidaje anka riƙa daka dutsen zinari, mata na niƙa, yara na rarrafe cikin ƙurar suna kai hannu baki. Akwai uwaye a cikin wannan ɗaki da sunka binne ɗiyansu a lokacin, Allah Ya sa masu ceto ne. Likitocin MSF sun yi shekaru suna jinyar yara, sai a 2022 sunka miƙa aikin ga jiha. Masu aikin sharewa kuma sun bi gida gida suna kankare ƙasar sama, suna zuba mai tsabta, mai gubar anka kai ramuka anka binne. Bagega sai a 2013 anka share ta.

Abin da nake so ku riƙe: dalma ba ta ruɓewa. Rana ba ta kashe ta, wuta ba ta ƙone ta, shekara ashirin tana nan inda take. Ido ba ya ganinta, hanci ba ya jin ta. To ki duba, gidan da anka sha wahala anka share, ke kuma ki aiki yaro da baro ya ɗebo miki ƙasa daga inda anka taɓa niƙa dutse, ki jibge a tsakar gida da sunan lambu. Kin mai do gubar da hannunki. Shi ɗan tumatirin kansa ba ya jan dalma da yawa, ganye irin alayyafo da latas sun fi shi ja. Haɗarin yana ga ƙasar da ƙurarta: yaro ya tona jarka, ya sa hannu a baki, iska ta kwasa ta zuba a kwanon abinci.

Saboda haka kada a ɗebi ƙasa inda anka taɓa daka, niƙa, shanya ko wanke dutsen zinari, ko da an daina shekara goma. Kada a ɗebi yashi a bakin kududdufi ko rafin da ake wanki a cikinsa. Kada a je kusa da ramukan da anka binne ƙasar shara. Tsohon kango a waɗancan ƙauyuka ma a bar shi, don akwai ginin da anka yi da ƙasar wurin aiki. Buhun da ya taɓa ɗaukar dutse, ko an wanke shi, ba na shuka ba ne. Ki tambayi mai ɗebo miki, daga ina? In ya ce can dai, ki ce ya kai ki ki gani. Ƙasar gona wadda ke nesa da wurin haƙa da wurin niƙa ita ake so. Wadda ba ta samu ƙasar da hankalinta ya kwanta da ita ba, ta haƙura da ƙasa gaba ɗaya, ta haɗa ɓuntun shinkafa da anka babbaka rabi da ruɓaɓɓen taki na garken gidanta. Tumatir na yi a ciki, sai dai yana son ruwa akai-akai. Matan Gummi, ku ke da ɓuntu a wajen masu casar shinkafa, ku taimaka wa 'yan'uwanku da shi. Kuma duk wadda ta taɓa ƙasa ta wanke hannu da sabulu kafin ta ɗauki jariri ko ta taɓa abinci.

Mazubin ma a duba shi. Jarkar man girki, tsohon bokitin ruwa da ya fashe, tukunyar ƙasa da ta tsage, buhun shinkafa ko na fulawa da anka naɗe bakinsa ya dawo rabi, duk suna yi. Ban da jarkar maganin feshi, ban da ta baƙin mai, ban da ƙwaryar batirin mota, wanda shi ma dalma ce a cikinsa. Bokitin fenti ni ba na amfani da shi, don akwai fentin da ake haɗawa da dalma. Girman mazubi kada ya gaza lita 15 zuwa 20, kuma gindi ɗaya a mazubi ɗaya. Na san halinmu, za a ce a sa uku don a samu da yawa. Ukun za su yi ta kokawa, a tashi babu ko ɗaya. A huda ƙasan da ƙusa mai zafi wuri shida ko takwas, a ɗora kan duwatsu ko bulo don ruwa ya samu hanyar fita.

Haɗin da nake yi: kwano biyu na ƙasa, kwano ɗaya na taki, kwano ɗaya na ɓuntu. Takin ya zama wanda ya ruɓe ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake.

Sai inda za a aje. An ce ana noman tumatir a cikin ɗaki, kuma gaskiya ne, a ƙasashen sanyi suna yi, amma da fitilu na musamman da ke kunne fiye da rabin yini. Mu da wace wutar? Ni na gwada, shekarata ta farko. Tsoron awaki ya sa na shigar da jarka biyu ɗaki na aje bakin taga. Sunka yi ta miƙewa sirara, fari fat kamar mai jinya, ko fure ɗaya ban gani ba har sunka kwanta. Tumatir na son rana ta buge shi awa shida zuwa takwas kullum. Cikin gida dai, amma a tsakar gida, inda hantsi ke sauka. In da hali, wurin da katanga ko bishiya za ta kare shi daga ranar la'asar. Awaki da kaji kuwa, a kewaye da kara ko ƙaya, ko a ɗora jarkunan kan benci.

Lokaci shi ne yanzu, da ruwa ya ɗauke, daga Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. A yafa iri a tsohuwar roba mai huji, a rufe da ƙasa kaɗan, a aje inda rana ba ta da zafi. Cikin kwana biyar zuwa goma zai fito. In ya yi sati uku zuwa huɗu, ya fitar da ganye huɗu biyar, a cire da ƙasarsa a dasa da yamma, a nutsa karan har kusa da ganyen farko, don duk inda ƙasa ta rufe saiwa zai yi. Daga dashe zuwa tsinka wata biyu ne zuwa biyu da rabi. Kada ki dasa duka rana ɗaya. Biyar yau, biyar bayan sati uku, don kada su nuna miki lokaci guda ki rasa yadda za ki yi da su.

Kuskurena na biyu, na taɓa dasawa a watan Maris. Ganye ya yi kyau, fure ya fito, kullum da safe sai in tarar da shi zube a ƙasa. Na zaci sammu ne ko ƙwari. Ashe zafi ne. In rana ta haura digiri 35, dare kuma bai yi sanyi ba, furen tumatir ba ya ɗaurewa. Bazararmu kuwa kun san ta fi haka. Kada wadda ta wahalar da kanta daga Maris zuwa Mayu.

Na ga Hajiya can baya tana ɗaga hannu, kuma na san abin da za ta ce: lokacin sanyi ai tumatir banza ne a kasuwa, mi ne ne amfanin? Tambaya ce mai kyau. Na farko, lokacin sanyi shi ne makaranta, shukar ba ta da wuya, hannunki zai faɗa. Abin da ya yi saura ki yanka ki shanya kan tabarma mai tsabta a bisa rufi, ba a ƙasa ba, kin samu kauɗar da kin san yadda anka yi ta. Na biyu, kuma nan ribar take, wadda ta koya da sanyi ita za ta iya na damina. Abin da ke kashe tumatir da damina ruwa ne da ke kwanciya a gindinsa da wanda ke dukan ganyensa. Mai gona ba ya iya ɗauke gonarsa in hadari ya taso. Ke kina iya jan jarkarki ki kai ƙarƙashin rumfa, in an ɗauke ki fitar. A yafa iri da ruwan farko, wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni, a ci a Agusta da Satumba. Na damina sai a nemi iri mai jure zafi da laima, irin su Padma, Platinum ko Cobra. Sun fi tsada, kuma za ku ga an rubuta F1 a jikin ledar.

Wannan F1 ku gane shi. Irin aure ne, in kin cire ƙwayarsa kin sake shukawa, 'ya'yan ba za su biyo uwar ba. Roma da UTC kuwa ana aje irinsu. Ki zaɓi wanda ya nuna sosai daga gindi mai lafiya, ki matse a kofi, ya kwana biyu, ki wanke, ki shanya a inuwa, ki ƙulle a takarda. Baɗi ba ki sayen iri.

Ban ruwa da safe, a gindi, kada a watsa kan ganye. Buta ɗaya ta ishi babban gindi a yini lokacin sanyi, in iska ta yi yawa a ƙara da yamma. Sa yatsa ki ji, in da laima ki bari. Na san ruwa saye ake a wasu unguwanni. Ni roba nake ajewa inda ake alwala, da ruwan wankin shinkafa, su ke shayar da rabin jarkunana. Ruwan wanki mai omo ko bilic kada ya je wurin. Kuma kada a yi yau ruwa, gobe babu, jibi a cika. Shi ke sa gindin tumatir ya yi baƙi ya lotsa, mutane su zaci cuta ce su je sayen magani. A rufe saman ƙasar da ɓuntu ko busasshiyar ciyawa, laima ta fi daɗewa.

Sati biyu bayan dashe, wadda ke da takin zamani NPK ta sa cikin murfin kwalbar lemo ɗaya, ta tona gefen jarka nesa da kara ta binne, ta ba da ruwa. A maimaita in fure ya fara. Yuriya kam a yi hankali da ita, ganye za ta ba ki kamar za ki yi miyarsa, 'ya'ya babu. Gajeren tumatir ba a fige masa rassa, a jikinsu yake haihuwa. Kara ɗaya dai a kafa a ɗaure shi da tsumma sako-sako. In fure ya buɗe, da hantsi ki ɗan girgiza karan. Furen tumatir shi ke yi wa kansa barbara, a fili iska ke kaɗa shi, a lungun gida kuwa sai kin taimaka.

Ƙwari za su zo. Ki riƙa ɗaga ganye kina duba bayansa. In kin ga ƙananan fararen ƙudaje na tashi, ko wani fili fari a cikin ganye kamar an kankare shi, to sharon ce ta shiga ko 'yan'uwanta. Tsinke ganyen ki jefa a wuta. Ki daka ƙwallon dogon yaro tafi biyu, ki jiƙa a ƙaramin bokiti ya kwana, ki tace, ki yayyafa da yamma sau ɗaya a sati. Tsohon gidan sauro da ya yage, wanda anka daina kwana ciki, a lulluɓa, yana tare ƙwari da tsuntsaye da ƙadangaru. Na ce tsoho, kada a cire na yara. Gindin da ganyensa ya murɗe ya ƙanƙance ya daina girma, babu magani, a tuge shi kafin ya shafa wa sauran. Ina roƙonku da girman Allah, kada wadda ta fesa fiya-fiya ko maganin ƙwarin ɗaki a kan abin da za ta ba yaranta su ci.

Akwai 'yan'uwanmu da sunka baro ƙauyukansu suna zaune a Anka da nan Gummi, wasu a ɗakin aro, wasu a kango. Gona ta zama sai labari. Su na fi so wannan abu ya fara kaiwa gare su, don jarka ba ta buƙatar a ba ka fili, in an ce tashi kuma a kai ake ɗaukar ta.

Ban zo da alkawarin kowa ba, kuma kada mu zauna jiran a kawo. Giram ɗaya na irin tumatir ƙwaya kusan 300 ne. Leda mai giram 10 in an haɗa kuɗɗi an saya, ta ishi matan mazaɓa guda. Kowace shugabar mazaɓa ta nemi mace ɗaya mai rijiya ko mai kusa da famfo, a yi renon iri a gidanta cikin wannan sati. In ya isa dashe a raba, gindi biyar biyar. Wajen rabo kada a tambayi mace katin jam'iyya, maƙwabciya maƙwabciya ce. Amma a tambaye ta inda ta ɗebo ƙasarta, kuma shugaba ta je ta gani da idonta kafin ta ba da dashe. Wannan amana ce na ɗora muku.

Wadda ta ga wani abu a ganyen da ba ta gane ba, ta ɗauki hoto ta turo zaure, wadda ba ta da babbar waya ta kai wa shugabar mazaɓarta. Dashen da na zo da shi yana bakin ƙofa, guda sittin ne, a fara ba na nesa.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, Ya mai da kowa gonarsa.